Sirdin Babur Na Doguwar Tafiya: Matashi, Sabon Soso, Ko Sabon Sirdi Dungurungum?

Sa'a ta farko a kan babur ba ta faɗa maka komai game da sirdinka. Sai an ci kilomita 150 ko 200 magana ke fitowa. Ka gusa hagu, ka gusa dama, ka miƙe tsaye kan matakan ƙafa, ka ja da baya har wajen zaman goyo, can kuma ka soma fatan fitilar mai ta kama don ka sami dalilin tsayawa. Injin bai ce komai ba, tanki da sauransa, amma mai tuƙin ya gama. Wanda ya kai wannan matsayi yakan tarar da hanyoyi biyar a gabansa: ya shimfiɗa wani abu a kan sirdin, ya kai a sauya masa soso, ya sayi sirdin ƙari daga kamfanin da ya ƙera babur ɗin, ya sayi na wani kamfanin da sana'arsa ke nan, ko ya sa a gina masa nasa bisa awon jikinsa. Tazarar kuɗi tsakanin ta farko da ta ƙarshe babba ce, kuma mafi tsadar ba lallai ta zama maganin ciwonka ba.

Tarkon laushi

Kusan kowa da kuskure ɗaya yake farawa, har da ni. Mutum ya danna sirdi da babban yatsa, ya ji ya lotsa lumbus, ya ce wannan ai hutu ne. A ɗakin sayar da babura kuwa hutun ne, na minti biyar.

Ga abin da ke faruwa a hanya. Idan ka zauna, mafi yawan nauyinka yana sauka a kan ƙasusuwa biyu da ke ƙasan ƙugu, waɗanda za ka ji su idan ka zauna a kan tafukan hannunka. Soso mai laushi yana matsewa a hankali ƙarƙashin waɗannan ƙasusuwa har ya ƙure, ka koma kusan a kan farantin roba da ke gindin sirdin kake zaune. Sauran soson da bai matse ba kuma ya kumburo ta tsakiya da gefe, ya danne wuraren da ba a halicce su don ɗaukar nauyi ba. Jini ya daina gudana sosai a wurin da aka danne, daga nan sai zafi, sai raɗaɗi, sai sagewa. Abin da jiki ke nema shi ne a raba nauyin a kan faɗi mai yawa, ya haɗa da mazaunai gaba ɗaya da wani sashe na cinyoyi. Siffar sirdi ce ke yin wannan aiki, soso mai ɗan tauri kuma shi ke riƙe siffar har yamma. Shi ya sa tsohon sirdin tarakta, na ƙarfe zalla mai kama da kwano, manomi ke wuni a kansa.

Sirdin da babur ke zuwa da shi daga kamfani an yi shi ne don ya shiga kowa, ya yi kyau a hoto, kuma ya zama siriri ta gaba yadda mai saye zai ji ƙafarsa ta kai ƙasa. Abin da aka yi wa kowa kuwa da wuya ya dace da wani daram.

Ina ne ke ciwo?

Kafin kuɗi su fita, a yi tafiya ɗaya ta sa'a biyu ko uku a lura da inda ciwon ke farawa, domin shi zai nuna hanya.

Idan wurare biyu ne ke zafi kamar an ɗora garwashi, daidai ƙasusuwan nan, soso ya ƙure ko faɗin sirdin ya yi kaɗan. Idan ƙashin ƙarshen gadon baya ne, bayan sirdin ya tashi da yawa yana tokare ka. Idan kullum kana zamewa gaba kana manne da tanki, wuyan hannu da kafaɗa suna gajiya wajen tura ka baya, to sirdin ya karkata gaba ne, kuma ƙarin soso ba zai gyara karkata ba. Idan cikin cinyoyi ne, gefen sirdin na da kaifi. Idan kuwa ƙuna ce da gumi da ƙaiƙayi, matsalar zafi ce da rashin iska, kuma sau da yawa laifin ba na sirdi ba ne: kaurin ɗinkin wando da ɗinkin kamfai da suka faɗo daidai inda nauyi ke sauka sun isa su ɓata tafiya. Gajeren wando marar ɗinki a wurin zama, mai tsotse gumi, irin na masu tseren keke, shi ne gyara mafi araha da na sani. Ciwon gwiwa kuma yawanci magana ce ta tazara tsakanin sirdi da matakin ƙafa, wadda rage tsayin sirdi ke ƙara ɓatawa.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko dacewa da jiki, wato yadda abin ke raba nauyi. Na biyu tsayi da kai ƙafa ƙasa, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa. Duk sirdin da aka faɗaɗa yana buɗe ƙafafu, ƙafar da aka buɗe kuwa ba ta kai ƙasa kamar da, ko da tsayin bai ƙaru ba. A kan Honda Gold Wing na zamani, mai tsayin sirdi milimita 745, ƙarin santimita biyu ba zai dami yawancin mutane ba. A kan BMW R 1250 GS, wanda sirdinsa ke tsakanin milimita 850 da 870, wannan ƙarin na iya zama bambanci tsakanin tsayawa lafiya a danja da kifewa da kaya. Sauran ma'aunan su ne kuɗi, ƙarko, sauƙin sakawa da cirewa, juriya ga rana da ruwa, sai kuma kasada, wato nawa za ka yi asara idan abin bai karɓe ka ba.

Abin shimfiɗawa a kai

Nan ne ƙofa mafi araha, kuma iri huɗu ne.

Buzu, wato fatar tunkiya da gashinta, tsohuwar dabara ce ta mahaya. Yana barin iska ta ɗan ratsa, yana rage gumi da gogayya, da zafi da sanyi duk yana da daɗin zama. Amma ba ya gyara siffa ko kaɗan, kuma idan ruwa ya dake shi sai ya koma jiƙaƙƙen tsumma mai jinkirin bushewa.

Shimfiɗar ƙwallayen katako, irin wadda direbobin tasi ke ɗorawa a kujera, akwai ta babur. Ba ta da kyan gani, na yarda. Sai dai wajen barin iska ta wuce ƙarƙashinka da hana ka zama cikin ruwa lokacin damina, kaɗan ne ke kamo ta. Wasu kan ji suna ɗan zamewa a kanta idan sun taka birki da ƙarfi.

Matashin jel, wato wanda aka cika da wani abu mai danƙo, yana rage girgiza kuma yana da daɗi a farkon tafiya. Aibinsa riƙe zafi: ka ajiye babur a rana ka shiga ka huta, ka dawo ka zauna kamar a kan tanda, kuma ba ya hucewa da wuri. Ni dai shi ne na ƙarshe a cikin huɗun.

Matashin iska ne ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda aka fi sani shi ne Airhawk, wanda asalin dabararsa daga matashin zama na kamfanin ROHO ne da ake yi wa masu keken guragu don kare su daga gyambon zama. Ƙananan ɗakunan iska ne a haɗe da juna, iskar na gudu daga inda aka danne zuwa inda ba a danne ba, nauyi ya bazu. Sirrinsa ɗaya: iska kaɗan. Matashin iska na farko da na taɓa saya na hura shi tam kamar ƙwallo, na hau, na ji kamar ina zaune a kan kwale-kwale, ko wace kwana sai na tangaɗa. Saura kaɗan in jefa shi bayan kabad. Daga baya na gane yadda ake yi: a hura kaɗan, a zauna a kai, a buɗe bawul iska na fita har ka ji ka kusa taɓa sirdin, saura kamar kaurin ɗan yatsa, sannan a rufe. A ido sai ka rantse babu iska a ciki. A haka ne yake aiki.

Amfanin wannan rukuni duka shi ne kasadarsa ƙarama ce. Minti biyu an ɗaura, minti biyu an cire, ana ɗauka daga wannan babur zuwa wancan. Illarsa, yana ƙara tsayi, yana ɗan raba ka da jin motsin babur, matashin iska na iya hujewa, kuma abin da aka ɗaura da igiya mai hannu na iya kwancewa idan ka bar babur a waje.

Sauya soso da rufi

A nan ana riƙe farantin sirdinka na asali, a cire ƙusoshin da suka kama ledar, a sassaƙa soson ko a sauya shi, a mayar da rufi. Tun da farantin na asali ne, makulli da maƙalai duk za su zauna daidai, babu jijjiga babu rata.

Hanya biyu ce. Ko ka sayi soso da rufi da aka riga aka yanka wa samfurin babur ɗinka, irin waɗanda kamfanin Seat Concepts ke yi, ka saka da kanka idan kana da bindigar ƙusa mai ƙarfi da haƙuri. Ko ka kai wa mai ɗinkin kujeru. Ta biyun ita ce caca mafi girma a wannan jeri, kuma a wasu lokuta ita ce riba mafi girma. Komai ya rataya a hannun mai aikin. Wanda ya saba da kujerun falo zai cusa maka soso mai laushi mai kauri, ya ɗaure shi ya yi tudu kamar burodi, ka biya kuɗi ka ƙara wa kanka ciwo. Haka aka yi mini sau ɗaya, kuma rabin laifin nawa ne domin abin da na ce masa kawai shi ne ina son laushi.

Wanda ya san aiki zai sa ka hau, ya zana inda ƙasusuwanka ke sauka, ya baje wurin ya ɗan yi masa kwarmi, ya ɗaga gaba don ka daina zamewa, ya bar hancin sirdin siriri saboda tsayuwa. Zai sa soso mai tauri a ƙasa, siririn mai laushi a sama, ya shimfiɗa leda tsakanin soso da rufi don ruwa kada ya bi ramukan allura ya shiga. Ka nemi a bar ka ka gwada kafin a buga rufin ƙarshe. Soson da ake cewa yana tuna siffar jiki kada a yi sirdi da shi zalla, domin yana taurara da sanyi, ya saki jiki da zafi.

Babbar kasadar ita ce abin da aka yanke ba ya komawa. Mai dabara yakan nemi tsohon sirdi na hannu irin nasa a yi gwajin a kansa, na asalin ya zauna a ajiye.

Sirdin ƙari daga kamfanin babur

BMW, Honda, Harley-Davidson da sauransu suna sayar da sirdin hutu, da mai ƙaramin tsayi, da mai tsayi, wasu har da abin ɗumamawa. Zai shiga daidai, wayar ɗumamawar za ta haɗu ba tare da yanke-yanke ba. Amma shi ma na kowa da kowa ne, an ɗan gyara shi kawai, kuma kuɗinsa bai cika yin ƙasa da na kamfanonin waje ba. Inda ya fi amfani shi ne gyaran tsayi. A lura dai, sirdi mai ƙaramin tsayi yawanci soso aka rage masa, don haka ƙafa ta samu, mazaunai da gwiwa su biya.

Sirdin kamfanonin da suka ƙware

Yawancin sunayen da ake ji daga Amurka suke. Corbin, wanda Mike Corbin ya kafa a 1968, yana Kalifoniya, an san shi da soso mai tauri sosai, da faɗi, da faranti mai nauyi. Mutane sun rabu biyu a kansa: wasu na cewa katako ne, wasu ba sa hawan komai sai shi. Sargent na Fulorida yana amfani da faranti marar nauyi da tauri matsakaici, ya kuma fi shahara wurin masu baburan Turai da Japan. Mustang, da ya fara a 1980, da Saddlemen sun fi ƙarfi a ɓangaren Harley-Davidson da makamantansa, kuma Saddlemen na saka jel a cikin soson wasu siradansa. A Jamus akwai Touratech da Wunderlich, waɗanda masu BMW suka fi sani.

Abin da kake saye a nan shi ne siffar da aka riga aka gwada a kan mutane da yawa, da rufi mai kyau, da aikin da zai yi shekaru. Sakawa ba wuya, a cire tsoho a ɗora sabo, ko da yake wani lokaci sai an ɗan daidaita maƙali tun da farantin ba na asali ba ne. Sabon sirdi mai tauri na bukatar ɗaruruwan kilomita kafin shi da jikinka su saba, don haka kada a yanke masa hukunci ranar farko, kada kuma a fara doguwar tafiya da shi gobe da sayensa.

Kasadar ita ce kuɗi ne masu kauri a kan abin da ba ka zauna a kansa ba. Yabon wani ba hujja ba ce, domin mai kilo 60 da mai kilo 110 ba abu ɗaya suke ji a kan sirdi guda ba. A tambayi sharaɗin mayarwa tun kafin a biya. Abin da ke rage zafin asara shi ne waɗannan siradan suna da kasuwa a hannu na biyu, kuma naka na asali yana nan ba a taɓa shi ba. Batun rufi kuma, fata na shaƙar iska tana kwanciya da jiki amma tana son a shafa mata mai a kare ta daga ruwa, leda mai kyau kuwa ba ruwanta da damina.

Sirdin da aka gina bisa awonka

Wannan shi ne ƙoli. Misalin da aka fi ambata shi ne Russell Day-Long na Kalifoniya: kana aika farantin sirdinka, da nauyinka da tsayinka, da hotunanka zaune a kan babur, su gina sirdi mai faɗi da fukafukai a gefe masu tallafe cinya, da sifirin a ciki da ke ɗaukar nauyi. Sunansa na yawan fitowa a bakin mahayan Iron Butt Association, ƙungiyar da ƙaramar jarrabawarta ita ce mil 1,000, kusan kilomita 1,600, cikin sa'a 24.

Ba kyakkyawa ba ne, kama yake da kujerar tarakta, kuma ba a ɓoye hakan. Yana ƙara tsayi da faɗi, har sai ka koyi zamewa gaba kafin ka sauke ƙafa. Akwai layin jira, babur zai zauna babu sirdi har aikin ya dawo, kuɗin kuma na iya ninka na matashin iska sau biyar ko fiye. Idan ka tashi sayarwa, an yi shi ne da jikinka, mai saye sai an dace. A cikin gari inda ake tsayawa kowane minti, wahala ce kawai. A miƙaƙƙen titi daga safe zuwa dare kuwa ban san abin da ya fi shi ba.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Tsayi | Kasada |
|---|---|---|---|---|---|
| Buzu ko ƙwallaye | Kaɗan | Matsakaici | Minti biyu | Ƙari kaɗan | Ƙarama |
| Matashin iska ko jel | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Minti biyu | Ƙari kaɗan | Ƙarama |
| Sauya soso | Matsakaici | Ya danganta da soso | Kwana ɗaya ko 'yan kwanaki | Yadda ka so | Babba idan mai aikin bai ƙware ba |
| Sirdin kamfanin babur | Mai yawa | Mai kyau | Cire ka ɗora | Akwai gajere da dogo | Matsakaiciya |
| Sirdin ƙwararrun kamfanoni | Mai yawa | Mai kyau sosai | Cire ka ɗora | Yakan faɗaɗa | Matsakaiciya |
| Sirdin awo | Mafi yawa | Mai kyau sosai | Aikawa da jira | Yana ƙaruwa | Kuɗi da lokaci |

Wa ya dace da wanne?

Mai doguwar tafiya sau biyu ko uku a shekara, ko mai babur fiye da ɗaya, ko wanda zai yi hayar babur a wata ƙasa, matashin iska ya ishe shi. Wanda zafi da gumi ne damuwarsa, ya fara da sauya wando, ya ƙara da ƙwallaye ko buzu, ya bar jel.

Wanda ya san takamaiman abin da ke damunsa, misali zamewa gaba ko kaifin gefe, kuma ya sami mai aiki da ya taɓa ganin aikinsa a kan wani babur, sauya soso zai ba shi abin da ya kusa sirdin awo a kan kaso kaɗan na kuɗin. Haka ma mai tsohon babur da soson ya mutu saboda shekaru.

Gajeren mahayi ya yi hattara da duk abin da ke faɗaɗa gaba. A sassaƙa masa hancin sirdi ya sirance, a bar faɗin a baya, hakan ya fi masa rage kauri. Dogon mahayi mai ciwon gwiwa kuwa sirdi mai tsayi na kamfani ko ƙarin soso mai tauri zai buɗe masa kusurwar ƙafa, sai dai ya duba gilashin gaba, domin ƙarin santimita uku na iya ɗaga kansa cikin iskar da da take wucewa ta sama.

Mai tafiyar kilomita 300 zuwa 500 kusan kowane ƙarshen mako, mai matsakaicin jiki, wanda zai riƙe babur ɗin shekaru, shi ne mutumin da ƙwararrun kamfanoni suke yi wa sirdi. Wanda ke wuni a hanya kwana bayan kwana, ko jikinsa ya yi nisa da matsakaici a nauyi ko tsayi, ko ya riga ya gwada sirdi biyu bai dace ba, ya daina ɓarin kuɗi kaɗan-kaɗan ya je a auna shi.

Mai ɗaukar goyo kuma ya sa wanda yake ɗauka cikin shawarar tun daga farko. Wurin zaman baya ya fi ƙanƙanta, yana kan tayar baya inda duka ya fi ƙarfi, na bayan kuma ba shi da hannun babur da zai dafa ya rage nauyi. Sau da yawa ƙarin faɗi a baya da abin jingina sun fi ƙara wa tafiyar mutum biyu tsawo fiye da duk gyaran da za a yi wa gaban sirdin.